Tarihin Nazarin Ƙwaƙwalwa da Kayan Aikinsa: Daga Turai zuwa Jihar Neja

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2015 gubar dalma ta hallaka yara 28 a yankin Shikira na Ƙaramar Hukumar Rafi, Jihar Neja, sakamakon haƙar zinare. Irin wannan guba ƙwaƙwalwa take kama wa, kuma yaran da suka tsira kan tashi da naƙasun fahimta. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda masana suka samar da kayan nazarin ƙwaƙwalwa, sannan ta dubi matsayin Nijeriya a wannan fage.

2.0 Samuwar Kayan Aiki

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ƙunshe da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, waɗanda ke aika wa juna saƙo ta hanyar lantarki da sinadarai. A 1873 Camillo Golgi na Italiya ya ƙirƙiro rinin azurfa mai fito da surar ƙwaya guda. Da wannan rini Ramón y Cajal na Sifen ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, ba curarren zare ɗaya ba ne. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1906. A 1929 Hans Berger na Jamus ya bayyana na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa, wadda har yau da ita ake binciken farfaɗiya. A 2005 kuma, masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gano dabarar kunna zaɓaɓɓun ƙwayoyi da haske, abin da ya ba da damar sanin aikin kowane layin jijiya.

3.0 Nazarin Ƙwaƙwalwa a Nijeriya

A Nijeriya, jinya ce ta haifi bincike. Latunde Odeku ya fara tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962, shi kuwa Benjamin Osuntokun ya danganta wata cutar jijiya da gubar rogon da bai jiƙu sosai ba. A Arewa, cutar barci da sanƙarau ne suka fi ɗaukar hankali, musamman annobar 1996. Sai dai tsadar na'urori da rashin tsayayyen lantarki sun sa yawancin bincike ya tsaya ga gwada magungunan gargajiya a kan ɓeraye.

Sauyi ya soma ne a 2011, lokacin da Sadiq Yusuf da Lucia Prieto-Godino da Tom Baden suka kafa ƙungiyar TReND, wadda ke koyar da nazari da ƙudan 'ya'yan itace, domin kiwonsa ba shi da tsada. Bugu da ƙari, a 2021 Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, Damaturu.

4.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa kowane ci gaba a wannan fage sabon kayan aiki ne ya share masa hanya. A nan ne Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, take da abin faɗa, domin ƙera madubin likita mai rahusa aikin injiniyoyi ne. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Illar dalma a ƙwaƙwalwar yaran Shikira tambaya ce da ta fi dacewa a amsa ta a gida.