Ciwon sukari nau'i na biyu da raunin ƙwaƙwalwa

Ciwon sukari nau'i na biyu cuta ce da jiki ke daina amsa sinadarin insulin yadda ya kamata, har sukari ya taru a jini. Shi ne ke damun fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon sukari, waɗanda aka ƙiyasta sun kai manya miliyan 537 a duniya a shekarar 2021. Baya ga illarsa ga ido, ƙoda da ƙafa, ciwon yana da alaƙa da raguwar kaifin tunani da kuma cutar mantuwa ta tsufa. Masana na ɗora wani ɓangare na laifin a kan lahanin oksijin ga ƙwayoyin jiki.

Shaidar bincike

A shekarar 1999, binciken da aka yi kan tsofaffin birnin Rotterdam na ƙasar Holan ya nuna cewa haɗarin kamuwa da cutar mantuwa ya kusan ninkawa ga masu ciwon sukari. Raunin yakan fara da nawar tunani, wahalar tsara aiki da saurin mantuwa. A 2020 kwamitin masana na mujallar Lancet ya sanya ciwon sukari cikin abubuwa 12 masu jawo cutar mantuwa waɗanda ake iya magancewa.

Lahanin oksijin

Duk lokacin da ƙwayar jiki ta ƙona sukari don samun kuzari, wasu ɓurɓushin oksijin masu cin duk abin da suka taɓa suna fita. Jiki yana da sinadaran da ke kashe kaifinsu. Idan ɓurɓushin ya fi ƙarfin wannan kariya, sai ya lalata kitse, furotin da ƙwayoyin gado, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Masani Bajamushe Helmut Sies ne ya fayyace wannan yanayi a 1985. A 2001, Michael Brownlee na Amurka ya bayyana cewa yawan sukari yana tilasta wa maitokondiriya, wato ɗakunan samar da kuzari na ƙwayar jiki, fitar da ɓurɓushin fiye da kima.

Ƙwaƙwalwa ta fi sauran gaɓoɓi shiga haɗari. Nauyinta kusan kashi 2 ne na jiki, amma tana shan kusan kashi 20 na oksijin, kuma tana cike da kitse mai saurin lalacewa. Lahanin yana raunana ƙananan hanyoyin jini, ya rage jinin da ke isa ƙwaƙwalwa, ya kuma tayar da kumburi. Haka nan sinadarin da ke narkar da insulin shi ne ke taimakawa wajen share furotin amiloid da ke taruwa a cutar Alzheimer. Wannan kusanci ya sa Suzanne de la Monte ta Jami'ar Brown da abokan aikinta suka kira Alzheimer ciwon sukari nau'i na uku a 2005, sai dai hukumomin lafiya ba su karɓi sunan ba.

Kariya

Sauke sukari da ƙarfi bai zama mafita ba. A gwajin ACCORD-MIND da aka wallafa a 2011, wanda ya haɗa mutane kusan 3,000 a Amurka da Kanada, tsananta magani bai ƙara kaifin tunani ba bayan wata 40. Wani bincike na 2009 a Kalifoniya ya danganta mummunar faɗuwar sukari da ƙarin haɗarin mantuwa ga tsofaffi. Ƙwayoyin bitamin E ma ba su hana cutar ba a babban gwajin da aka wallafa a 2017.

Saboda haka likitoci suka fi ba da shawarar daidaita sukari ba tare da wuce gona da iri ba, kula da hawan jini, motsa jiki, barin taba da rage ƙiba. Ana kuma so a riƙa gwada tunanin tsofaffin majinyata, domin mai mantuwa yana iya tsallake magani ko ya maimaita allurar insulin, abin da kan jefa rayuwarsa cikin haɗari.