Daga Gareji Zuwa Kwamfuta: Tarihin Ɗaukar Kiɗan Ƙungiya a Gida

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aikin ɗaukar kiɗa ya fito daga hannun manyan kamfanoni har ya shigo ɗakin kwanan mutum. Za a fi mai da hankali a kan rikoda mai layi da yawa, wato na'urar da take ba kowane abin kiɗa da kowace murya layinta daban a kan zare guda, sa'an nan da manhajar kwamfuta wadda ta gaje ta. Ra'ayin da nake so in kare a gaban malamai shi ne, wannan na'ura tun asali bukatar makaɗi ɗaya ce ta haife ta, kuma wannan asali yana bin ta har yau, musamman idan aka zo ɗaukar ƙungiyar da take kiɗa tare.

2.0 Les Paul da Ampex

Kafin zuwan zare, a kan faifai ake yanka waƙa kai tsaye. Makaɗa su taru a gaban makirufo, wanda ya fi ƙara a tura shi baya, in mutum ɗaya ya yi kuskure kowa ya koma farko. Wani makaɗin jita ɗan Amurka, Les Paul, yana cikin waɗanda suka fara karya wannan ƙa'ida, a garejin gidansa a Hollywood. Yakan yanka kiɗa a faifai, ya sa faifan yana juyawa ya bi shi da wani kiɗan, a yanka su biyun a faifai na biyu, haka har ya tara abin da yake so. Ta wannan hanya ya yi "Lover", wadda kamfanin Capitol ya fitar a 1948, inda ake jin jita takwas alhali hannu biyu ne kawai suka kaɗa su.

Rikoda mai zare kuwa ƙirar Jamus ce, kamfanin AEG ya nuna ta a 1935. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kai irinta Amurka, kamfanin Ampex ya fara sayar da tasa a 1948. Amma akwai wata matsala da ya kamata a fahimta, domin za ta sake ɓullowa a zamanin kwamfuta. A cikin rikoda, kan da yake naɗa sauti daban yake da kan da yake karanta shi, kuma akwai ɗan rata tsakaninsu. Saboda haka idan makaɗi yana sauraron layin farko yana naɗa na biyu, sabon kiɗan zai sauka a bayan tsohon, taken ya watse. Injiniyoyin Ampex suka warware wannan da dabarar da suka kira Sel-Sync, wato a sa kan naɗin shi kansa ya karanto tsofaffin layukan a lokacin da yake naɗa sabo. Da wannan dabara aka ƙera wa Les Paul rikoda mai layi 8 a kan zare mai faɗin inci ɗaya, ya karɓe ta a 1957 a kan dala 10,000. Wannan kuɗi ya isa ya nuna cewa gida dai gida ne, amma ba gidan kowa ba.

Shekara 10 bayan haka, ƙungiyar Beatles ta yi faifanta na 1967, Sgt. Pepper, da rikoda mai layi 4 kacal a Landan. In layukan suka cika sai a haɗe su a juye a layi ɗaya na wani zaren, a sami fili. Kowane juyi yana ƙara shuwa a cikin sautin, kuma abin da aka riga aka haɗe ba ya rabuwa. A wannan shekara ce kuma Bob Dylan da makaɗan da daga baya aka san su da suna The Band suka riƙa naɗar waƙoƙi a ɗakin ƙasa na wani gida a jihar New York, da rikoda mai layi 2, kowa yana kiɗa yana kallon ɗan'uwansa. Hanyoyi biyu ke nan, kuma kasuwa ta farkon ta bi.

3.0 Zamanin Kaset

A 1972 kamfanin TEAC na Japan ya fitar da rikoda mai layi 4 wadda mai matsakaicin hali zai iya saya. Da irinta Lee Perry ya yi aiki a situdiyon Black Ark da ya gina a bayan gidansa a Kingston ta Jamaika a 1973. Amma babban canji ya zo ne a 1979, da na'urar Portastudio 144 ta wannan kamfani. Kaset ɗin da Philips ya fito da shi a 1963 yana da layi 4 dama, biyu a kowace fuska. Sai aka sa na'urar ta yi amfani da duka huɗun a fuska ɗaya, zaren yana gudu ninki biyu don sauti ya fi kyau, aka haɗa mata allon daidaita sauti a jiki guda. Da ita Bruce Springsteen ya naɗi waƙoƙin Nebraska a ɗakinsa a 1982. Nufinsa gwaji ne kawai wanda zai kai wa ƙungiyarsa su koya. Da aka sake yin waƙoƙin da ƙungiyar a babban situdiyo, sai ya ga ba su kama ƙafar na kaset ɗin ba, aka fitar da na kaset.

Ana yawan kawo wannan labari don a yaba wa na'urar. Ni kuwa abin da na gani a cikinsa shi ne, mutum ɗaya ta yi wa rana, ƙungiyar ta zauna a gefe. Dalili kuwa a ƙirar yake: layi 2 kaɗai take iya naɗa a lokaci guda. Mai ganguna shi kaɗai yana iya bukatar makirufo 4 ko fiye. Dole ke nan a raba ƙungiya, kowa ya zo ya yi nasa ya tafi.

4.0 Shigowar Kwamfuta

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A 1983 aka amince da tsarin MIDI, wanda ya ba kayan kiɗa na lantarki damar magana da juna da kuma kwamfuta. Manhajar Cubase ta fito a 1989, Pro Tools a 1991. A 1992 na'urar ADAT ta Alesis ta shiga kasuwa, tana naɗa layi 8 a kan kaset ɗin bidiyo, kuma ana iya jera da yawa su yi aiki tare. A nan ne ƙungiya ta fara samun abin da zai ɗauke ta gaba ɗaya a gida. Kwamfuta ta kawar da shuwar juyi da iyakar layuka, ta kuma ba da damar a warware kuskure ba tare da an ɓata asali ba. Sai dai tsohuwar matsalar nan ta dawo da sabuwar riga: sauti yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya shiga kwamfuta ya fito, makaɗi ya ji kansa a makare. Wannan, tare da tsoron kwamfuta ta tsaya ana tsakiyar waƙa, ya sa ƙungiyoyi da yawa suka raba aikin gida biyu: a naɗa da rikoda mai layi da yawa, a kwashe layukan zuwa manhaja don gyara da haɗawa. Na'urar Zoom R16 ta 2009 misali ce, tana ɗaukar layi 8 a lokaci guda a kan katin ajiya, tana kuma aiki da batir. Ya zuwa 2020, faifan da Billie Eilish da yayanta Finneas suka yi a ɗakin kwana a Los Angeles ya ci kyautar Grammy, har da ta ingancin ɗaukar sauti. Mutum biyu ne, a lura.

5.0 Ƙasar Hausa

A wurinmu, su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos gidajen rediyo da kamfanonin faifai ne suka naɗe su, suna kiɗa kamar yadda suke yi a dandali. Ƙananan situdiyo sun bunƙasa ne a Kano tare da finafinan Hausa a shekarun 1990, kuma a kan fiyanon Yamaha suka tsayu, daga baya kwamfuta ta shigo. Tasirinsu ya ƙetare iyaka: a Sakkwato Mdou Moctar, makaɗin jita na Nijar, ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da muryar inji irin ta waƙoƙin finafinai. Wato mun karɓi fasahar a lokacin da ta riga ta zama ta mutum ɗaya da allonsa, mai kalangu da mai kukuma suka rage a waje.

Na taɓa gwada ɗaukar wata ƙungiyar kalangu da ɗalibaina ta hanyar da littattafai suka koyar, wato ganguna tukuna, sa'an nan mawaƙi, 'yan amshi a ƙarshe. Aikin ya ƙi. Mai kalangu bakin mawaƙi yake bi, yana matse tsarkiya yana saki gwargwadon hawa da saukar muryarsa. Mawaƙin kuma yakan tsawaita ɗa ko ya yanke shi bisa abin da ya ji daga amshi. Da aka cire wa kowa abokin maganarsa, sai tsohon makaɗin ya ajiye makaɗinsa ya tambaye ni wa zai amsa wa. Washegari muka mai da su tsakar gida gaba ɗaya, makirufo 6, kowanne da layinsa, muka nisanta ganguna daga mawaƙi da kamar taku 5. Ƙarar kalangu ta shiga makirufon mawaƙi, abin da masu sana'ar suke ɗauka aibi ne, domin ba a iya gyara muryarsa ita kaɗai a kwamfuta. Muka bar ta a haka. Abin da manhaja ta yi mana shi ne ɗaga 'yan amshi kaɗan, da rage gunjin janareton maƙwabta wanda ya shiga dukkan layuka shida.