Yadda Aka Auna Maganin Zazzaɓi A Ƙasar Garki

Duk wanda ya zauna a ƙasar Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, ya san in damina ta yi nisa, tafkuna da kududdufai suka cika, gero ya fid da kai, to, lokacin zazzaɓi ya zo. A watannin nan da wuya a shiga gida ba a tarar da yaro kwance ba. Tun zamanin kakanni kuwa kowace unguwa da maganin da ta yarda da shi. Wani ya dafa tazargade, wani ya yi surace da ganye, wani kuma ya nemi rubutu. Kowa aka tambaya sai ya ce nasa ne sahihi, gama ya sha ya warke.

Amma fa wannan shaida ba ta isa ba. Babban mutum wanda ya girma cikin sauro, jikinsa ya saba da cutar, sau da yawa zazzaɓi ya kan sake shi bayan 'yan kwanaki, ko ya sha magani ko bai sha ba. Abin da ya sha daga ƙarshe shi ke samun yabo. Yaron da bai tashi ba kuwa, ba a sa shi cikin lissafi, sai a ce kwana ne ya ƙare. Maganin asibiti ma bai tsira daga irin wannan ruɗu ba. Saboda haka masana suka ga ba yadda za a san amfanin magani da cutarwarsa sai an auna shi, kamar yadda ba a sanin yawan hatsi da ido sai an sa mudu. Ɗaya daga cikin manyan awon da aka taɓa yi wa zazzaɓi a duniya, a maƙwabtan Babura aka yi shi, watau a gundumar Garki.

Gardamar likitoci

A cikin 1880 wani likitan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar zazzaɓi cikin jinin mutum. A cikin 1897 kuma Ronald Ross ya same ta cikin sauro a ƙasar Indiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sami makamai biyu masu ƙarfi, maganin feshi da a ke kira DDT, da ƙwayar kulorokwin. Sai zukata suka cika da fatan an kusa raba duniya da wannan cuta.

A cikin 1950 likitoci suka taru a Kampala ta ƙasar Yuganda, gardama ta kaure tsakaninsu. Waɗansu suka ce a yi feshi ko'ina cikin Afirka ba tare da jinkiri ba, don 'ya'ya na mutuwa. Waɗansu suka ce a yi hattara. Hujjarsu ita ce, cizon nan na kowace damina shi ke gina wa manya garkuwar jiki. In aka kāre jama'a shekara biyu ko uku, sa'an nan kuɗi ya ƙare aka janye, cutar za ta komo ta tarar da mutane ba garkuwa, ɓarnar da za ta yi ta fi ta dā. Kowane ɓangare da hankali cikin zancensa, amma ba wanda ke riƙe da lissafin da zai kashe gardamar.

Gwaji na farko a Arewa a yammacin Lardin Sakkwato aka fara shi, wajen Birnin Kebbi, cikin 1954. Ba a daɗe ba aka tarar sauron wurin ya daina mutuwa da ɗaya daga cikin magungunan feshin, wanda a ke kira dieldrin. A cikin shekarun 1960 aka sake gwadawa a Kankiya ta Lardin Katsina, aka haɗa feshi da rabon ƙwaya ga jama'a duka. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba. A cikin 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta burinta na kawar da zazzaɓi daga duniya, wanda ta ɗauka tun 1955. A wannan shekara ce ita da Gwamnatin Nijeriya suka shirya aikin Garki, don a san iyakar abin da feshi da ƙwaya za su iya in an yi su da kyau ƙwarai.

Yadda aka tsara awon

Abu na farko da ya bambanta wannan aiki shi ne haƙuri. Daga Oktoba 1970 har Maris 1972 ba a fesa kome ba, ba a raba ƙwaya ga jama'a ba, ƙirga kawai a ke yi. Aka zaɓi ƙauyuka 22, cikinsu har da Kwaru, da Ajura, da Sugungum, da Rafin Marke, da Matsari, aka rubuta sunan kowa, gida gida. Kowane mako 10 ma'aikata su zo su tsaga yatsa, su ɗiga jini a kan gilashi, a duba da madubin likita. Su rubuta wanda aka haifa, da wanda ya rasu, da wanda ya tashi, da baƙon da ya sauka. Da dare waɗansu su zauna su kama sauron da ya zo cizo, da safe kuma a shimfiɗa farin ƙyalle a ɗaki, a yi feshi, a ƙirga wanda ya faɗo.

Abin da ƙirgan ya nuna ya ba da tsoro. Da damina fiye da rabin jama'a na ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, yara ƙanana kuwa kusan dukansu. A ƙauyen da abin ya fi tsanani, sauro mai ɗauke da cuta ya kan ciji mutum ɗaya fiye da sau 100 a shekara.

Daga Afrilu 1972 zuwa Oktoba 1973 aka shiga aikin sosai. Aka fesa wani magani mai suna propoxur a bangon ɗakunan ƙauyuka 164. A cikin 60 daga cikinsu aka ƙara da rabon ƙwaya, haɗin sulfalene da pyrimethamine. Galibinsu kowane mako 10 a ke ba su, kaɗan kuma kowane mako 2 muddin damina. Sa'an nan aka bar waɗansu ƙauyuka ba feshi, ba rabon ƙwaya, amma a na duba jininsu daidai da sauran.

Mai karatu ya lura da waɗannan na ƙarshe, gama su ne mudun awon. A shekarun 1972 da 1973 aka yi babban farin nan da ya halaka dabbobi, ya ƙone amfanin gona a ƙasar Hausa. In ruwa ya yi ƙaranci, kududdufin da sauro ke haihuwa ciki ya kan ragu. Da a ce ko'ina aka ba da magani, da ba mai iya rarrabe aikin ƙwaya da aikin fari. Amma da ya ke fari bai zaɓi ƙauye ba, ya sauka kan wanda aka fesa da wanda ba a fesa ba, to, bambancin da ya fito tsakaninsu na magani ne.

Abin da aka samu

Feshi kaɗai ya ba da mamaki. Ƙarfin sauro na yaɗa cutar ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100, amma masu ɗauke da ƙwayar cutar a jini kashi 25 cikin 100 kawai suka ragu. Da sauro kaɗai aka ƙirga, da an buga tambari an ce an ci nasara. Dalilin kuwa biyu ne. Na ɗaya, cizon ya yi yawa tun asali, har ushirin da ya saura ya isa ya riƙe cutar cikin gari. Na biyu, aka gane akwai sauron da in ya sha jini ba ya sauka a bangon ɗaki, waje ya ke fita ya huta, saboda haka maganin bango ba ya taɓa shi.

Inda aka haɗa feshi da ƙwaya kowane mako 2, masu ɗauke da cutar suka komo wajen 1 cikin 100 da rani, wajen 5 cikin 100 da damina. Mutuwar jarirai da ta ƙananan yara ta yi ƙasa da ta ƙauyukan da ba a taɓa ba. Wannan amfani ne babba, na rai da rai. Duk da haka cutar ba ta yanke ba. Kowane rabo sai an rasa waɗansu, wani ya tafi kasuwa, wani ya tafi cin rani, baƙo kuma ya shigo da tasa a jini.

Saura tambayar Kampala. Masu aikin ba su naɗe kayansu ran da rabo ya ƙare ba, suka ci gaba da duban jini har farkon 1976. A ƙauyukan da aka fi kārewa suka tarar alamun garkuwa cikin jinin mutane sun ragu. Suka riƙa ba yaran wurin kulorokwin da daminar da ta biyo, don kada janyewar ta zame musu masifa. Cutar ta komo, har ta ɗan zarce ta ƙauyukan da ba a taɓa ba na wani lokaci, kāna ta daidaita da su. Ashe kowane ɓangare na masu gardama ya riƙe rabin gaskiya. Garkuwa ta kan ragu, amma babbar annobar da a ke tsoro ba ta auku ba, rayukan da aka tsirar kuwa an tsirar da su.

Aikin ya ci fiye da dala miliyan 6. A cikin 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga labarinsa duka cikin littafi guda, wanda Molineaux da Gramiccia suka rubuta. Ba su ɓoye ba, suka ce a irin wannan ƙasa, da irin waɗannan makamai, ba za a iya yanke zazzaɓi ba. Faɗin haka bayan an kashe dukiya mai yawa ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa masana suka amince da lissafin Garki, suka yi shekaru su na gwada dabarunsu a kansa.

Bayan Garki

Magani ma ya kan tsufa. Ƙwayar cutar ta koyi jure wa kulorokwin, aka fara ganin haka a gabashin Afirka cikin 1978, ya iso Nijeriya cikin shekarun 1980. Mutane suka ci gaba da yabonsa bisa sabo, amma awo ya nuna yara da yawa ba ya warkar da su. A cikin 2005 Nijeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko, ta ɗauki haɗin da ke da artemisinin.

Dabarar rabon ƙwaya da damina kuwa ba ta mutu ba, buri aka sauya mata. Maimakon a ce za a kori cutar daga ƙasa, sai aka ce a tsare waɗanda ta fi kashewa, watau yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, cikin watannin da ta fi tsanani. Aka gwada a Sanagal, da Mali, da Burkina Faso, da Gambiya, da Gana. A wannan karo yara aka raba biyu ta hanyar ƙuri'a, waɗansu a ba su magani, waɗansu a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba kome cikinta, don kada son zuciya ya shiga zaɓen. Da aka tattara sakamakon, sai aka ga an hana wajen kashi 75 cikin 100 na kwanciyar zazzaɓi.

Aka kuma dubi ɗaya gefen sikelin. Magungunan biyu, amodiaquine da haɗin sulfadoxine da pyrimethamine, an san su da laifi tun shekarun 1980, lokacin da matafiya Turawa ke shan su kowane mako. Na farko ya taɓa hanta da jinin waɗansu, na biyu ya sa wa waɗansu mugun ciwon fata. Saboda haka aka sa ido a kan yaran gwajin. Abin da aka fi gani shi ne amai, mummunan lahani kuwa ya yi wuya ƙwarai a shan wata wata. Da amfani ya rinjayi cutarwa da nisa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da dabarar cikin 2012. Aka fara ta a Jihar Katsina cikin 2013, daga baya ta shiga Jigawa, har masu rabo suka riƙa bin gida gida a Kazaure, da Roni, da Gwiwa, da Babura, da Garkin kanta.

Wannan tarihi ya bar wa mai karatu tambayoyi huɗu da zai riƙe duk ran da aka yaba masa wani magani, na kanti ne, ko na asibiti, ko na mai talla a kasuwa. Mutum nawa aka gwada shi a kansu? Da su wa aka gwama su, waɗanda ba su sha ba? Me aka ƙirga, sauro ne, ko jini, ko yaran da suka rayu? An kuma bi sawun waɗanda suka sha har bayan sun daina, an faɗi lahanin da aka gani? Maganin da ya amsa waɗannan, kamar ƙwayar damina ta yara, ya cancanci uba ya buɗe masa ƙofa, uwa kuma ta cika kwana ukun da aka ce a ba yaro kowane wata. Wanda ba shi da amsa sai rantsuwar mai sayarwa, a yi masa irin abin da a ke yi wa hatsin da aka hana a sa wa mudu.