Mafarauci da Baƙauye a Zanen Barkwanci

Zanen barkwanci shi ne zanen da ake ƙara wa siffar mutum gishiri da gangan, a tsawaita hanci ko a kumbura tumbi, domin mai kallo ya yi dariya kuma ya gane wani hali. Mutumin karkara da mafarauci suna cikin waɗanda masu wannan sana'a suka daɗe suna zanawa, domin shigarsu kaɗai ta isa a shaida su. Abin da ke bambanta wani zane da wani shi ne wanda aka nufa da dariyar.

Asalinsa a jarida

Wanda ya fi shahara da zanen farauta shi ne Honoré Daumier na Faransa, wanda ya rayu daga 1808 zuwa 1879. A 1832 an ɗaure shi wata shida saboda ya zana Sarki Louis-Philippe a matsayin ƙaton da ke haɗiye dukiyar talakawa. Da dokar 1835 ta toshe ƙofar zanen siyasa, sai ya koma kan halayen jama'a a jaridar Le Charivari, inda ya yi ta fitar da zane-zanen farauta. Mafarautansa ba mutanen ƙauye ba ne. Masu hali ne na birnin Paris da ke sayen bindiga da takardar izini don alfahari, su shiga daji ruwa ya yi musu dūka, su dawo hannu rabbana. Ya bar sarki, amma bai daina harbin manya ba.

A Najeriya, Akinola Lasekan ne ya buɗe wannan fage a shekarun 1940 a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, yana sukar mulkin mallaka. A Arewa kuwa, sunan da matasa suka fi sani a yau shi ne Mustapha Bulama na Daily Trust. Zanensa na 2020 kan bikin 'yar Shugaba Buhari, wanda ya nuna ana haska wa talakawan da ke nutsewa hotunan biki, ya tayar da muhawara a faɗin ƙasa. A wurinsa talaka shaida ne, mai mulki ne abin zargi.

Tushensa a ƙasar Hausa

Tun kafin jarida, Bahaushe yana da nasa zanen na baka. 'Yan kama suna kwaikwayon malamai da masu sarauta a bainar jama'a, wasan barkwanci tsakanin garuruwa da ƙabilu yana da ƙa'idojinsa, ga kuma labaran baƙauye da ya shigo birni ya rikice. Finafinan Hausa sun gaji wannan, musamman ta hannun marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014. Sai dai baƙauyen labari fuska biyu gare shi: wani lokaci wawa ne, wani lokaci kuma shi ke yi wa ɗan birni wayo. Mai zane yana zaɓen ɗaya duk sa'ad da ya ɗauki alƙalami.

Mafaraucin gaske

Siffar mafarauci a takarda ba ta cika wuce riga mai layu da adaka da ramammen kare ba. A kwarin Kogin Haɗeja, daga Kafin Hausa zuwa Auyo da Kiri Kasamma, farauta ta fi haka faɗi. Akasarin masu yin ta manoma ne da ke fita da rani bayan an kawar da amfanin gona, a ƙungiya, da karnuka da gora da kiɗa da kirari, kuma suna da shugabanni irin su Sarkin Baka. Dajin da suka gada yana ƙanƙancewa. Madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke malala a fadama, kachala ta toshe magudanai, noma ya ci kurmi, gandun Baturiya kuma, wanda ya shiga jerin dausayoyin Ramsar a 2008, wuri ne da doka ta keɓe. Farautar ma ba ta rasa nata laifin: rikici kan wanda ya fara bugun nama yakan kai ga jini, wutar da ake cinna wa daji kuma takan cinye kiwo.

Abin da ya sa siffar ke da nauyi

A Nuwamban 2014 mafarauta sun taimaka wa sojoji wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, aka yi ta yi musu kirari. A ƙarshen Maris na 2025 kuma, a Uromi ta Jihar Edo, an kashe mafarauta 16, akasarinsu 'yan Jihar Kano, suna hanyar komawa gida yin Sallah daga Jihar Ribas. An ga bindigogin gargajiya a motar da suka hau, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Ba zane ne ya kashe su ba, amma hoton da ke cikin zukatan waɗanda suka tare su, na ɗan Arewa mai bindiga, ya riga bincike yanke hukunci.

Saboda haka zanen mutumin karkara ba wasa kawai ba ne. Wanda ya tsaya kan tsummar manomi da layun mafarauci yana ƙara wa tsohon zato ƙarfi. Wanda ya sa su tsaye a gonar da ambaliya ta shafe, suna kallon motocin masu neman ƙuri'a na wucewa, ya bi sahun Daumier da Lasekan, ya kai dariyar inda ake da ikon gyara.