Daga Yoɗo Zuwa Kandishina

'Yan'uwana mata, kafin kwalbar shamfu ta shigo kasuwar Tambuwal, da me iyayenmu ke wankin kai? Da sabulun salo ne da yoɗo, wanda Kanawa ke kira karkashi. A Tambuwal da Kebbe, in an gama tsifa sai a jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi har ya saki yauƙi, a cuɗa a gashi, a warware shi da yatsu daga baki zuwa tushe, sannan a bi da man shanu. Ba tsigewa, ba hawaye.

Daga shekarun 1980 sai rilaksa ta yi kasuwa, muka koma ƙona fatar kai, yoɗo kuwa muka bar wa miya. A 2022 wani bincike a Amurka ya danganta yawan shafa irin wannan mai da sankarar mahaifa. Yau ga matan can suna sayen ganyen namu da sunan ambunu, daga Chadi!

Santsin da muke saye a kandishina, shi ne kakanninmu ke tsinkowa a bayan gari. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu gane.