Whorf da Mutanen Hopi

A ƙasar Amurka an yi wani mutum, Benjamin Lee Whorf, wanda aikinsa binciken gobara ne a kamfanin inshora, amma zuciyarsa tana wajen harsuna. Wajen 1932 ya duƙufa kan harshen Hopi, wata ƙabila ta jihar Arizona. Yawancin abin da ya koya kuwa a birnin New York ya ji shi, daga bakin mutum guda. Daga nan ya ce wai nahawunsu bai raba abin da ya wuce da mai zuwa ba, don haka ba sa ganin lokaci yadda Bature ke ganinsa.

To, ai Bahaushe ma yakan ce "na tafi" alhali yana tsaye a bakin ƙofa, ba kuwa don ya kasa bambanta jiya da gobe ba.

Whorf ya rasu a 1941, aka tattara rubuce-rubucensa a 1956, maganar ta bazu a jami'o'i. Sai a 1983 Ekkehart Malotki, wanda ya daɗe yana aiki da mutanen Hopi, ya fitar da littafi mai shafi fiye da 600, cike da kalmominsu na ƙidayar kwanaki da watanni. Ashe har aikatau ɗinsu yana da alamar abin da zai zo.