Heartburn: Tarihin Littafin Nora Ephron

Heartburn ƙagaggen labari ne na soyayya da barkwanci wanda marubuciyar Amurka Nora Ephron ta fitar a shekarar 1983, a kamfanin ɗab'i na Alfred A. Knopf da ke birnin Niyok. Shi kaɗai ne ƙagaggen littafin da ta rubuta a rayuwarta. Sunan nasa harshen damo gare shi: a Turanci kalmar na nufin ƙwannafin da ke taso wa mutum bayan cin abinci, in kuma aka raba ta biyu sai ta ba da ma'anar ƙunar zuciya. Duka biyun suna ciki, domin tauraruwar labarin marubuciyar littattafan girki ce da mijinta ya ci amanarta.

An haifi Ephron a 1941, ta tashi a gidan marubuta finafinan Hollywood, Henry da Phoebe Ephron. Mahaifiyarta ce ta cusa mata cewa duk abin da ya sami mutum, daɗi ko wuya, kayan rubutu ne. Ta yi aikin jarida a New York Post da mujallar Esquire, sannan a 1976 ta auri Carl Bernstein, ɗaya daga cikin 'yan jarida biyu na Washington Post da suka tona badaƙalar Watergate, wadda ta kai Shugaba Nixon ga yin murabus a 1974. A 1979, tana ɗauke da cikin ɗansu na biyu, ta gano mijin yana neman wata matar aure da suka saba zama tare. Ta tattara nata ya nata ta koma Niyok. Bayan shekara huɗu littafin ya fito, ba wanda kuma ya sha wahalar gane su waye a ciki.

A labarin, Rachel Samstat tana da cikin wata bakwai lokacin da ta ci karo da wani littafin waƙoƙin yara, da rubutun wata mata mai suna Thelma a shafin farko, rubutun da ya tona asirin mijinta Mark. Ta yi yaji zuwa gidan mahaifinta. Masifa ba ta zo ita kaɗai ba: ta je zaman masu neman shawarar likitan ƙwaƙwalwa, ɗan fashi ya biyo ta ya ƙwace mata zoben lu'ulu'u a gaban kowa. Mark ya zo biko, ta koma, shi kuwa bai daina halinsa ba. Da 'yan sanda suka maido da zoben sai ta sayar da shi, kuɗin ya zama guzurin tafiyarta. Wurin da masu karatu ba sa mantawa shi ne daren da suke cin abinci a gidan abokai, ta ɗauki kek ɗin lemun tsamin da ta haɗa da hannunta ta kifa wa mijin a fuska.

Tsakanin waɗannan abubuwa marubuciyar takan tsaya cak ta koya wa mai karatu girki. Ana cikin maganar kuka da kishi, sai a ji yadda ake daka dafaffen dankalin turawa da man shanu, wanda a wurin Rachel shi ne abincin mai karyayyar zuciya. Wannan ba ado ba ne. Girki ne sana'arta, shi ne kuma abin da bai taɓa yaudararta ba. Wani abin lura kuma, littafin bai ƙare da ɗaurin sabon aure ba kamar yadda aka saba a labaran soyayya. Rachel ta fita da 'ya'yanta biyu da sana'arta da bakinta, ta zaɓi ta ba da labarin da kanta, a yi dariya tare da ita, maimakon a riƙa yi mata Allah sarki.

Littafin ya yi kasuwa, ya kuma jawo surutu. Wasu masu sharhi sun ce ta tona asirin gidanta, ba ta duba 'ya'yanta ba. Daga baya ta mayar da martani cewa marubuta maza irin su Philip Roth da John Updike sun daɗe suna zuba aurarrakinsu a littafi ba wanda ya ce musu kanzil, kuma a nan kam gaskiya na gefenta. Bernstein bai ji daɗi ba, har yarjejeniyar rabuwarsu ta ƙunshi sharaɗin cewa fim ɗin da za a yi daga littafin ba zai nuna shi a matsayin uban banza ba. Fim ɗin ya fito a 1986, Mike Nichols ya ba da umarni, Meryl Streep da Jack Nicholson suka ja ragama, Ephron kuma ta rubuta shi da kanta.

Sake gina rayuwar da littafin ya bari a ƙofa, marubuciyar ce ta ƙarasa shi a zahiri. Ta auri marubuci Nicholas Pileggi a 1987, suka zauna har mutuwa ta raba. Ta rubuta When Harry Met Sally na 1989, ta ba da umarnin Sleepless in Seattle a 1993 da You've Got Mail a 1998, finafinan da suka farfaɗo da barkwancin soyayya a Hollywood. A fagen littafi ma hanyar da ta share ta samu mabiya: Watermelon na Marian Keyes, 'yar ƙasar Ailan, da ya fito a 1995, ya buɗe ne da miji ya bar matarsa ranar da ta haihu.

Ephron ta rasu ranar 26 ga Yuni, 2012, bayan fama da sankarar jini. A 2015 babban ɗanta, Jacob Bernstein, ya fitar da fim kan rayuwarta, mahaifinsa ma ya yarda ya yi magana a ciki.